Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Alfaharin 'Yan Kenya da Ƙasarsu

A zamanin mulkin Mwai Kibaki, ofishin kakakin gwamnatin Kenya ƙarƙashin Alfred Mutua ya fito da wani take na cusa kishin ƙasa, aka buga shi a takardu ana mannawa a jikin motoci: "Najivunia kuwa Mkenya", ina alfahari da zama ɗan Kenya. Ba a je ko'ina ba 'yan gari suka murɗe shi ya koma "Navumilia kuwa Mkenya", haƙuri kawai nake yi da zama ɗan Kenya. Har yau maganganun biyu suna nan, kuma sau tari daga baki ɗaya suke fitowa. Mutumin da ya yini yana tsine wa gwamnati kan haraji da tsadar garin masara, shi ne zai ajiye abin da yake yi ya tsaya gaban talabijin idan ɗan ƙasarsu na tsere a Balin ko Landan, ga munduwar duwatsu mai launin tuta a hannunsa.

Wanda ya kira wannan baki biyu bai fahimci mutanen ba. Yawancin abin da ɗan Kenya yake tinƙaho da shi, jama'a ne suka gina shi da guminsu, wani lokaci gwamnati na kallo, wani lokaci ma tana hanawa. Shi ya sa a wurinsa son ƙasa da fushi da masu mulkinta suke kwana ɗaki ɗaya.

Su wane ne 'yan Kenya?

Ƙidayar 2019 ta sami mutum miliyan 47.6, kuma uku cikin kowane huɗu ba su kai shekara 35 ba. Ƙabilu sun haura 40. Kikuyu ne kan gaba da kimanin kashi 17 cikin 100, sai Luhya da 14, Kalenjin da 13, Luo da kusan 11, Kamba da kusan 10. Somalawan Kenya sun doshi kashi 6. Masai kuwa, waɗanda hotonsu da jan mayafi da mashi ya cika takardun tallan yawon buɗe ido har baƙo ya zaci su ne ƙasar, ba su kai kashi 3 ba. Kirista sun kai kashi 85, Musulmi kimanin 11.

Abin lura shi ne babu ƙabilar da za ta iya cin zaɓe ita kaɗai. Duk siyasar ƙasar a kan wannan lissafin take juyawa. Kuma jerin ƙabilun bai rufe ba: a 2017 gwamnati ta amince da Makonde, jikokin 'yan ƙwadagon da suka zo daga Mozambik, a matsayin 'yan ƙasa, ta kuma ayyana 'yan asalin Indiya a matsayin ƙabila ta 44.

Jinin da ke cikin tuta

Tutar Kenya baƙi ce da ja da kore, da siraran fararen layuka, da garkuwar Masai da masu biyu a tsakiya. Kowane ɗan firamare zai gaya maka jan yana nufin jinin da aka zubar wajen neman 'yanci. Ba adon magana ba ne.

Turawan Ingila ba mulki kawai suka zo yi Kenya ba, zama suka zo yi. Sun ƙwace filaye mafi albarka a tsaunukan tsakiyar ƙasar da yankin Rift Valley, suka keɓe su ga farar fata, suka mayar da masu gonakin 'yan ƙwadago. Daga nan tawayen Mau Mau ya taso, aka kafa dokar ta-ɓaci daga 1952 zuwa 1960, aka tsare dubban mutane a sansanoni inda aka gana musu azabar da ba ta faɗuwa. An rataye jagoran mayaƙan daji, Dedan Kimathi, ranar 18 ga Fabrairun 1957, aka binne shi a gidan yarin Kamiti a kabarin da har yau ba a gano ba. An sami 'yanci ranar 12 ga Disamban 1963.

Sai dai ba nan gizo ke saƙar ba. Jomo Kenyatta, shugaban farko, ya ce a manta da baya a fuskanci gini. Haramcin da Turawa suka sa wa Mau Mau ya ci gaba da aiki har 2003, shekara 40 bayan 'yanci. Gonakin da Turawa suka bari sayen su aka yi, kuma masu kuɗi da na kusa da fada ne suka kwashi kaso mai tsoka, yawancin waɗanda suka shiga daji suka fito hannu rabbana. Sai a 2007 aka kafa wa Kimathi mutum-mutumi a tsakiyar Nairobi. A 2013 Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9 ga tsofaffi 5,228 da aka azabtar, bayan su da kansu sun kai ƙara kotu a Landan. Tun daga tushe ke nan ɗan Kenya ya koyi cewa gwarzon ƙasa daban, wanda ya ci moriyar ƙasa daban.

Wangari Maathai ta ƙara tabbatar masa. Ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt a 1977, ta tsaya kai da fata a 1989 ta hana gwamnatin Daniel arap Moi gina bene mai hawa 60 a dandalin Uhuru. An zage ta a majalisa, an doke ta, an tsare ta. A 2004 ta zama mace ta farko 'yar Afirka da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya, kuma yau akwai titi da sunanta a Nairobi.

Harambee

Wannan kalmar ce kirarin ƙasa, tana rubuce a jikin tambarin gwamnati, kuma ma'anarta aikin gayya. Kenyatta ya yi ta kiran jama'a da ita, ƙauyuka suka riƙa haɗa kuɗi da ƙarfi suna gina makarantun sakandare da ɗakunan shan magani ba tare da jiran hukuma ba. Manyan ma'aikata da yawa a yau daga irin waɗannan makarantu suka fito. Da tafiya ta yi tafiya 'yan siyasa suka mayar da taron harambee fagen nuna arziki da sayen ƙuri'a, amma a ƙasa al'adar ba ta mutu ba, waya kawai ta koma. Kuɗin asibiti ya gagara, ko an yi rasuwa ana son kai gawa ƙauye, ko yaro ya sami gurbin karatu babu kuɗin rajista, kafin magariba an buɗe zaure a WhatsApp, an naɗa ma'aji, ana ta jero sunayen waɗanda suka turo da adadin abin da kowa ya bayar. A fari na 2011, gangamin Kenyans for Kenya ya tara ɗaruruwan miliyoyin shilin, ciki har da ƙananan gudummawa ta waya, don ciyar da mutanen arewacin ƙasar.

Abin sha'awa ne, amma mai ido zai ga ɗaya fuskar. Duk zauren da aka buɗe don biyan kuɗin asibiti shaida ne cewa wani abu da ya kamata haraji ya yi bai yi ba.

Harshen da ya haɗa su

Kenya ta yi dace da harshen da ba na wata babbar ƙabila ba. Suwahili na mutanen bakin teku ne, waɗanda ba su da yawan da zai tsorata kowa, don haka Kikuyu da Luo suna iya haɗuwa a cikinsa babu wanda ya ji an danne shi. Kundin tsarin mulki ya sa shi harshen ƙasa, ya kuma sa shi da Ingilishi harsunan aikin hukuma. 'Yan Tanzaniya dai kan yi wa Suwahilin Nairobi dariya, suna cewa babu ladabi babu nahawu.

Matasan birni kuwa nasu suka ƙirƙira. Sheng ya taso ne a unguwannin talakawa na gabashin Nairobi, ƙashin bayansa Suwahili, ya yafuto kalmomi daga Ingilishi da Kikuyu da Luo da sauransu, kuma yana sauya kama da saurin da iyaye ba sa iya bi. Da malamai korarsa suke yi daga aji. Yanzu da shi bankuna suke talla, da shi ake waƙa, da shi ɗan siyasa yake lallashin matasa. Marubuci Ngugi wa Thiong'o, wanda ya rasu a watan Mayun 2025, ya bi wata hanyar dabam: an tsare shi a 1977 saboda wasan kwaikwayon da ya shirya da manoma cikin harshen Kikuyu, daga nan ya mayar da rubutun ƙagaggun labaransa zuwa harshen uwa. 'Yan Kenya suna alfahari da sunansa, ko da yake yaran birni da yawa ba sa iya karanta harshen da ya yi wa gwagwarmaya.

Matatu, M-Pesa da mai kayan miya

Idan kana son ganin Nairobi a tafin hannu, tsaya tashar matatu da yamma. Motocin haya ne na 'yan kasuwa, kuma waɗanda matasa ke rububi, da ake kira nganya, an zane jikinsu kaf da fuskokin mawaƙa da 'yan ƙwallo, an jera fitilu masu walƙiya, a ciki ga allunan talabijin, ga kiɗa da ke girgiza kujera. Kwandasta, makanga a bakinsu, yana rataye a ƙofa yana kiran unguwa, yana buga jikin mota da tafin hannu don direba ya tsaya ko ya tashi. Kuɗin mota ba shi da tsayayyen farashi: hadari ya haɗo, ya ninka. A 2004 ministan sufuri John Michuki ya ɗaure su da dokoki, bel a kowace kujera, na'urar taƙaita gudu, rigar aiki ga direba da yaronsa, ratsin ruwan ɗorawa a jikin mota. Haɗurra sun ragu na wani lokaci. Zanen da aka hana kuwa ya dawo, har Shugaba Uhuru Kenyatta da bakinsa ya ce a bar matasa su ci abinci da fasaharsu.

Ka sauka daga motar ka tsaya wurin mama mboga, mai tallan kayan miya a bakin hanya. Ta yanka maka ganye, ta ƙirga tumatir, ba ta miƙo hannu ba, sai ta nuna maka lambar da aka rubuta a jikin kwali. Ka latsa waya, wayarta ta yi ƙara, ta duba sunanka, ciniki ya faɗa. Wannan ita ce M-Pesa, wadda kamfanin Safaricom ya fito da ita a watan Maris na 2007. Dabarar ba ta da wuya: ka ba wakili a kiyos mai koren fenti tsabar kuɗi, ya zuba maka a layinka, ka tura wa tsohuwarka a ƙauye ta saƙon waya, ta je wurin wakilin garinsu ta karɓa. Ba a buƙatar asusun banki, ba a buƙatar babbar waya. Kafin nan sai dai a ba direban bas ambulan a yi ta addu'a. Binciken babban bankin ƙasar ya nuna masu mu'amala da harkar kuɗi ta hukuma sun tashi daga kimanin kashi 27 cikin 100 a 2006 zuwa sama da kashi 80 cikin shekara 15.

Babu abin da ɗan Kenya yake so kamar ya je Turai ya ga ana laluben canji, ya yi murmushi. Amma wayar da ta sauƙaƙa aike ita ta sauƙaƙa bashi da caca. Tun da aka fito da Fuliza a 2019, tsarin da ke cika maka kuɗi idan naka bai kai ba, sunan ya shiga bakin mutane a matsayin yadda ake lallaɓa rayuwa zuwa ƙarshen wata.

Ayyukan yi sama da 8 cikin 10 ba na ofis ba ne. Jua kali ake ce musu, masu aiki a tsakar rana: maƙeran Kamukunji da ke mayar da tsohuwar ganga murhu da akwati, 'yan acaɓa da ake kira boda boda, masu gwanjon kasuwar Gikomba wadda gobara ta mayar wurin zuwanta. Mata suna da chama, adashen da wasunsu suka girma har suna sayen filaye. Duk wannan yana gudana ne a birnin da hedikwatar hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya take, birnin da katangar filin wasan golf ta raba masu hali da unguwar Kibera.

Ci da sutura

Ugali, tuwon masara mai tauri, shi ne abinci, sauran rakiya ne. Ana cin sa da ganyen sukuma wiki, ranar samu kuma da nyama choma, gasasshen naman akuya da ake yankawa a kan katako a ci da gishiri da kwaɗon tumatir da albasa. Farashin fakitin garin masara mai kilo 2 ya isa ya hana gwamnati barci. Bakin teku na da pilau da biriyani da girkin kwakwa, chapati kuma ya zo da Indiyawa ya zama na kowa. Shayi da madara ba ya yankewa, a ƙasar da ke sahun gaba a duniya wajen fitar da baƙin ganyen shayi.

Sutura ce dai ta gagara. A 2004 an yi gasar fito da tufafin ƙasa, aka zaɓi samfuri, jama'a suka ƙi sawa. Abin da gwamnati ta kasa, masu sana'ar hannu suka yi: munduwar nan ta duwatsu, da ita 'yan Kenya suke gane juna a filayen jiragen sama na duniya.

Gudu

A nan alfaharin ya fi tsabta, a nan kuma ya fi ciwo. Naftali Temu ne ya ciyo wa Kenya zinare na farko a gasar Olamfik, a Meziko a 1968, a tseren mita 10,000, kuma a wannan gasar Kipchoge Keino ya lashe mita 1,500. Daga 1984 zuwa 2016 babu Olamfik ɗin da zinaren maza na tseren mita 3,000 mai tsallake shinge da ruwa ya kuɓuce wa Kenya. Ranar da Soufiane El Bakkali na Maroko ya karɓe shi a Tokyo, sai ka ce rasuwa aka yi. David Rudisha ya yi mita 800 cikin 1:40.91 a Landan a 2012. Eliud Kipchoge ya kammala gudun yada ƙanin wani cikin 1:59:40 a Biyana ranar 12 ga Oktoban 2019, ko da yake ba a lissafa shi a kundin bajinta ba saboda an shirya tseren ne musamman dominsa. Faith Kipyegon ta ci zinaren Olamfik na mita 1,500 sau uku a jere, a 2016 da 2021 da 2024, na biyu da na uku bayan ta haihu.

Mafi yawansu 'yan Kalenjin ne daga tsaunukan Rift Valley. Garin Iten yana kimanin mita 2,400 sama da teku, inda iska ba ta da kauri, jiki ya saba aiki da kaɗan. Da sanyin asuba za ka ga ayarin matasa a kan jar hanya, ba magana sai ƙarar takalma, Turawan da suka zo koyo suna haki a baya. Masana sun yi ta muhawara kan tsayin ƙasa da siffar ƙafa da abinci. A ganina babban dalilin a fili yake: yaron da ya ga maƙwabcinsa ya tafi tsere ya dawo ya sayi gona da tarakta ba ya buƙatar wa'azi. Ga kuma makarantu irin St Patrick's ta Iten, inda malami ɗan Ailan, Colm O'Connell, ya horar da zakaru, ga rundunonin soja da 'yan sanda da gidan yari da ke ɗaukar 'yan tsere aiki su ba su albashi.

Inda kuɗi yake, nan ɓarna take. Kenya na cikin rukunin ƙasashen da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta fi sa wa ido kan ƙwayoyin ƙara kuzari, an dakatar da 'yan wasanta da dama, har da manya. Wasu sun sauya ƙasa, kamar Stephen Cherono da ya koma Katar a 2003 ya zama Saif Saaeed Shaheen. Kisan Agnes Tirop a gidanta a Iten a 2021 ya tona yadda wasu maza ke mayar da 'yan tsere mata saniyar tatsa, kuma yana cikin abin da ya fito da dubban mata kan titi a watan Janairun 2024 suna neman a daina kashe mata. Kelvin Kiptum, wanda ya kafa tarihin gudun yada ƙanin wani da 2:00:35 a Chicago a Oktoban 2023, haɗarin mota ya ɗauke shi wata huɗu bayan haka yana da shekara 24.

Ƙwallon ƙafa ba ta kai nan ba. Harambee Stars, 'yan wasan ƙasar, sun fi ba magoya baya hawan jini, sai dai karawar Gor Mahia da AFC Leopards, wadda ake kira wasan surukai saboda auratayyar Luo da Luhya, tana tsayar da Nairobi.

Waɗanda aka daɗe ana tambayarsu shaida

Musulunci ya riga Turawa isa gaɓar Kenya da ɗaruruwan shekaru. Tsohon garin Lamu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, har yau da jakuna ake zirga-zirga a lungunansa, kuma Maulidin masallacin Riyadha yana tara baƙi daga ƙasashen gabashin Afirka. Kundin tsarin mulki ya tanadi kotunan alƙalan Musulunci kan aure da saki da gado. Unguwar Eastleigh ta Somalawa na cikin manyan cibiyoyin kasuwanci na Nairobi.

Duk da haka, ba kowa aka shigar cikin "mu" da wuri ba. Arewa maso gabas ta sha yaƙin Shifta daga 1963 zuwa 1967, ta ga kisan gillar Wagalla a 1984. Shekara da shekaru matashi Basomale, ko Banube na Kibera wanda kakanninsa sojojin Sudan ne da Ingila ta zaunar a wurin, sai ya bi ta kwamitin tantancewa kafin ya sami katin ɗan ƙasa, abin da ba a nema daga ɗan Kikuyu. Sai a Fabrairun 2025 Shugaba William Ruto ya sanar da soke tantancewar ga yankunan kan iyaka. Hare-haren al-Shabab, na cibiyar kasuwanci ta Westgate a 2013 da na jami'ar Garissa a 2015 inda aka kashe mutum 148, sun ƙara zargi. Amma a Disamban 2015, da 'yan bindiga suka tare bas a Mandera suka ce Musulmi su ware, fasinjojin suka ƙi, mata suka ba Kiristoci hijabi. Malam Salah Farah, malamin makaranta da aka harba a wurin, ya rasu bayan makonni, kuma ƙasa ta karrama shi.

Ƙabila da ƙasar haihuwa

Ɗan Nairobi komai wayewarsa yana da ushago, ƙauyen da yake komawa a Disamba, inda kuma za a binne shi. Shari'ar S.M. Otieno ta 1987 ta nuna zurfin abin. Babban lauya ne ɗan Luo, matarsa Wambui 'yar Kikuyu. Da ya rasu ta ce a gonarsu kusa da Nairobi za a binne shi, danginsa suka ce al'ada ba ta yarda ba. Gawa ta yi watanni a ɗakin ajiya ana shari'a, ƙasa duka ta kasa kunne, a ƙarshe kotu ta ba dangi gaskiya.

Shugabanni 5 da aka yi, daga ƙabila biyu suka fito: Jomo Kenyatta da Kibaki da Uhuru Kikuyu ne, Moi da Ruto Kalenjin. Da aka yi taƙaddama kan zaɓen Disamban 2007 tsakanin Kibaki da Raila Odinga, tsohon miki na filaye ya fashe. Sama da mutum 1,100 suka mutu, kimanin 600,000 suka bar gidajensu, sai da Kofi Annan ya zo ya sasanta. Daga wannan tsoron aka haifi kundin tsarin mulkin 2010, wanda ya raba ƙasar gundumomi 47 kowace da gwamnanta da kasonta, ya kuma ƙarfafa kotuna. Ranar 1 ga Satumban 2017 kotun ƙoli ƙarƙashin David Maraga ta soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci, abin da kafin nan ba a taɓa gani ba a Afirka. Ko waɗanda hukuncin ya ɓata wa rai, idan suna hira da baƙo sukan ambace shi da ɗan taƙama.

Kada baƙo ya sa baki

Su zagi ƙasarsu, wannan hakkinsu ne. Wani ya taɓa ta, sai su haɗe. A 2015, gab da ziyarar Barack Obama, tashar CNN ta kwatanta Kenya da matattarar ta'addanci. 'Yan Kenya a Twitter suka yi mata ca har wani babban jami'inta ya taka zuwa Nairobi ya ba da haƙuri. 'Yan Najeriya ma sun ɗanɗana a 2013, lokacin da aka yi ƙorafin yadda aka karɓi Harambee Stars kafin wasan Kalaba. Abin dariyar shi ne, a gidajen rawa na Nairobi waƙoƙin Legas da na Darussalam suke danne na gida, mawaƙan ƙasar suna ta kuka.

Yunin 2024

Ruto ya ci zaɓen 2022 da sunan ɗan talaka mai fafutuka, alamar jam'iyyarsa ma baro ce. Ya tarar da bashin da biyansa ke cinye fiye da rabin kuɗin shiga, ciki har da na Sin da aka gina layin dogon Mombasa zuwa Nairobi da shi, ya shiga ƙara haraji har aka laƙaba masa Zakayo, sunan mai karɓar harajin nan na cikin Linjila. Ƙudirin kuɗi na 2024 ya zo da harajin kashi 16 a kan burodi da wani a kan motoci da wani da zai taɓa audugar mata da ƙunzugun jarirai.

Matasa suka ce ba su da ƙabila, ba su da jam'iyya, ba su da shugaba. Suka fassara ƙudirin zuwa harsunan gida a TikTok don kakanni su ji, suka yaɗa lambobin wayar 'yan majalisa suna cewa a "gaishe su". Likitoci 'yan sa kai suka kafa sansani a masallacin Jamia, aka tara miliyoyin shilin ta waya don jinyar waɗanda aka harba. Suka fito da tuta a kafaɗa, tutar da aka saba gani a motar minista, suna rera taken ƙasa cikin barkonon tsohuwa, kuma da ita suka riƙa lulluɓe gawar abokansu. Ranar 25 ga Yuni suka kutsa majalisa. Washegari Ruto ya ce ba zai sa hannu ba, a Yuli ya sallami kusan dukkan ministocinsa. An kashe gommai, an sace wasu. A Yunin 2025 mutuwar wani malami, Albert Ojwang, a hannun 'yan sanda ta sake fito da su.

Abin da ke gaba

Tsofaffin 'yan siyasa ba su tsaya kallo ba. Cikin makonni Ruto ya jawo manyan jam'iyyar Raila cikin gwamnati. A Oktoban 2024 majalisa ta tsige mataimakinsa Rigathi Gachagua, wanda ya taɓa kwatanta gwamnati da kamfani mai masu hannun jari, inda yankin da ya fi ba da ƙuri'a zai fi samun rabo; shi kuma ya koma yankin Dutsen Kenya yana tara jama'arsa. Raila, wanda ya nemi shugabanci sau 5 bai samu ba, ya rasu a Oktoban 2025, ya bar ƙuri'un Luo da na bakin teku kowa na zawarci.

A tsakiyar 2027 Kenya za ta karɓi gasar cin kofin Afirka tare da Yuganda da Tanzaniya, a watan Agusta kuma a yi zaɓe. Doka ta ce sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'u, ya kuma sami kashi 25 a aƙalla gundumomi 24. A 2022 kimanin kashi 65 na masu rajista ne suka fito, kuma matasa ne suka fi ƙaurace wa layin rajistar. Waɗanda suka ce ba su da shugaba yanzu sai sun nemo wanda za a buga sunansa a takardar ƙuri'a, su kuma masu lissafin ƙabilu tuni suka fara zagaye.